Uba Ya Zaɓi Likitanci

A layin rajistar jarrabawar shiga jami'a, wani tela ya lura matar da ke bayansa tana leƙen fom ɗin ɗansa da ke hannunsa.

"Malam, ina yaron?"

"Yana gida yana karatu. Ina ruwanki?"

"Na ga ka rubuta likitanci. Shi ya zaɓa?"

"Wai shi zanen gidaje yake so. Ni na haife shi ko shi ya haife ni?"

"Haka na ce bara, da na zaɓa wa 'yata."

Tela ya juyo. "Ta ci?"

"Sunanta kawai ta rubuta, ta miƙa takardar. Ga ta can, ko kusa da ni ba ta tsayawa."

"Na gaba!" in ji ma'aikaci.

Tela ya matsa gefe yana laluben wayarsa don ya kira yaron. "Wuce, baiwar Allah."