Ƙafar 'Yar Tsana

A harabar wani coci a Minnesota ta Amurka ana wasan haihuwar Yesu da tumaki na gaske, dusar ƙanƙara na zuba. Wata mata mai yara biyu ta taɓa mutumin gabanta.

"Bawan Allah, jaririn can tun ɗazu bai motsa ba."

"Haba, 'yar tsana ce! Ɗana Wendell aka fara kwantarwa, amma in sanyi ya tsananta musanyawa ake yi."

"Wa ke musanyawar?"

"Matata mana. Ko kuwa... matata dai."

"To, ƙafar mece ce ke leƙowa daga jakarka?"

Ya duba, ya ga ƙafar 'yar tsanar ce, ya tsallake igiyar da ta kewaye wurin wasan a guje, tumaki suka watse.

Ta damƙe hannuwan yaranta. "Ku yi addu'a mu ji kuka."