Ba Sunan Zebo a Inshorar

Mavluda: Alo? Sanjar? Ɗana, kana ji na?

Sanjar: Salamu alaikum, Oyi! Bari in fita waje, injin nan ba ya barin mutum ya ji komai. To, yanzu fa?

Mavluda: Wa alaikumus salam. Da dama-dama. Kana lafiya? Ya aiki? Ya sanyin Koriya?

Sanjar: Alhamdu lillahi. Ya gida? Ya ƙafar taki? Ya mutanen Namangan?

Mavluda: Kowa lafiya. Kana dai cin abinci ko? Hoton da ka turo duk ka zama ƙashi.

Sanjar: Ina ci, Oyi. Ya mahaifina, Dada? Ya Zebo da 'yar tawa?

Mavluda: Yarinya tana wajen maƙwabta, lafiyarta ƙalau.

Sanjar: Maƙwabta kuma? Uwarta fa? Tsaya ma, me ya sa kika kira da kati? Intanet ɗin gida ya lalace ne?

Mavluda: Ba a gida nake ba. Sanjar, tambaya ce da ni, ka ba ni amsa kawai. Inshorar motar nan da ka saya mana ta waya, duk wanda ya tuƙa ta rufe shi?

Sanjar: Wace ce ta rufe? Layin yana yankewa.

Mavluda: Inshora! Inshorar mota! Na ce kowa ya tuƙa ta rufe shi?

Sanjar: A'a. Iri biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, akwai wadda ake sa sunaye. Mai sunayen na saya, ta fi sauƙi. Sunana da na Dada. Me ya faru? Oyi, gaya mini.

Mavluda: Wayyo Allah. Na sani, wallahi jikina ya ba ni.

Sanjar: Wa ya ɗauki motar? Dada ya sake ba wa wani aro ko? Na sha gaya masa...

Mavluda: Ba aro ba ne. Dadanka ne ya faɗi.

Sanjar: Ya faɗi? Ya faɗi ina?

Mavluda: A tsakar gida, ƙarƙashin inabi. Ya dawo daga cin shinkafar biki ta safe, gidan Hoshim mai aurar da ɗa. Na miƙa masa shayi, sai kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace...

Sanjar: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yana da rai? Oyi, kar ki ɓoye mini!

Mavluda: Yana da rai, yana da rai! Muna asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, hannun dama ya mutu, amma ya ce da mun ƙara jinkiri da gawa za mu kawo.

Sanjar: Alhamdu lillahi. Ya Allah. Bari in zauna. Motar asibiti ce ta kawo ku?

Mavluda: Mun kira, suka ce mu jira. Mazan unguwa kuwa duk suna gidan biki, na buga ƙofa-ƙofa babu namiji ko ɗaya. Sai Zebo ta ɗauko makulli.

Sanjar: Zebo? Wace Zebo? Matata?

Mavluda: Kana da wata ne?

Sanjar: Oyi, Zebo ko keke ba ta iya ba!

Mavluda: Ta iya mota. Har lasin tana da shi, tun bara.

Sanjar: Tun bara? A ina ta koya? Da izinin wa?

Mavluda: Da izinina. Koyon ɗinkin da kake ji tana zuwa, shi ne wannan. Kai kana can, Dadanka idonsa ya fara rauni, wa zai kai mu kasuwa? Ranar da kake sayen inshorar ban ce maka ka sa sunanta ba?

Sanjar: Ai na zaci zolaya kike yi!

Mavluda: Dariya ka yi har da tari. Ka ce ranar da Zebo ta riƙe sitiyari bishiyoyin gari su yi ta kansu.

Sanjar: To na ji, na ji. Ta kawo shi lafiya, shi ke nan. Tara ce za su ci mu, sai in turo. Yau ɗin nan zan sa sunanta.

Mavluda: Ba shi ke nan ba ne, ɗana.

Sanjar: Oyi...

Mavluda: Dab da ƙofar asibiti wani mutum ya fito da keke, ya ɗauro gurasa a baya. Ni ina kujerar baya riƙe da kan Dadanka, ina ta yi mata ihu ta yi sauri. Ni ce nake mata ihu, Sanjar. Ta taka burki, amma ina! Ƙarar nan har yanzu tana kunnena.

Sanjar: Subhanallahi! Ya mutu?

Mavluda: Ƙafa ta karye, kai ya fashe. Yana ɗakin tiyata. Matarsa ga ta can a ƙarshen baranda da 'ya'ya, tun ɗazu ta kafe ni da ido, na kasa ɗaga kaina.

Sanjar: Zebo fa? Ba ni ita.

Mavluda: Tana ofis da ɗan sanda. Sun karɓi wayarta. Ko kuka ba ta yi, ta yi fari fat. Yanzu ka gaya mini gaskiya. In ba sunanta a ciki, kamfanin zai biya maganin mutumin?

Sanjar: Ban sani ba. Tsaya in duba, tana cikin wayata... Rubutun ƙanana ne. Kamar dai ko sun biya shi, za su dawo kanmu su karɓa. Ko kuma su ƙi. Ban gane ba, Oyi, ban taɓa karantawa ba. Na dai danna na biya.

Mavluda: Ita kuma? Za su ɗaure ta?

Sanjar: In mutumin ya tashi, wataƙila a sasanta. In kuma... Allah ya kiyaye. Kotu ce.

Mavluda: Wayyo 'yar mutane. Me zan ce wa uwarta?

Sanjar: Saurara. Sunan Dada yana ciki. Da a ce shi ne ya tuƙa...

Mavluda: Ai shi ne abin da ya sa na kira ka. Dadanka ya riga ka. Yana farfaɗowa, da karkataccen bakin nan, ya ce wa ɗan sandan wai shi ya tuƙa. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali!

Sanjar: Zebo ta ce me?

Mavluda: Ta ce ƙarya yake yi don ya cece ta, ita ce. Yanzu magana ta zama biyu. Ɗan sandan ya ce ni ce shaida, in ya gama da ita zai zo kaina.

Sanjar: To ki ce Dada. Tsoho ne, ga ciwo, ba wanda zai kai shi gidan yari. A'a, tsaya! Akwai kyamara a ƙofar asibitin?

Mavluda: Ina zan sani? Gari duk kyamara ne yanzu.

Sanjar: In suka duba suka ga ita ce, dukanku kun shiga uku. Kar ki ce Dada. Amma in kika ce Zebo... Oyi, ki ce ba ki gani ba! Ki ce kanki yana ƙasa!

Mavluda: Ban ga wanda ya tuƙa ni daga gidana zuwa asibiti ba? Ka mayar da ni mahaukaciya?

Sanjar: To ki yi shiru har in kira wani lauya. Akwai abokina a Tashkent, ƙanensa...

Mavluda: Wayar tana ƙara, katin zai ƙare. Na shiga uku, ga shi nan ya fito. Yana tahowa, Sanjar. Me zan ce masa?

Sanjar: Ki ce kina jin jiri! Ki zauna a ƙasa! Oyi, don Allah kar ki ce komai tukuna!

Mavluda: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. E, ni ce matar mara lafiyan. E, ina cikin motar, a baya.

Sanjar: Oyi!

Mavluda: Ka yi haƙuri da maigidana, tausayi ne ya sa shi. Surukata ce ta tuƙa. Ni na ce ta yi gudu, wannan ma ka rubuta. Kuma ita ta kawo shi nan da ransa, lokacin da babu namiji ko ɗaya a unguwa. Zebo sunanta. Ka rubuta shi da kyau, ranka ya daɗe, don mijinta bai rubuta ba.

Sanjar: Oyi, ki ce mata ina... Alo? Oyi? Alo!