Ku Ba Mu Aron Malam Mannir

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, mai girma Dagaci, limamanmu, shugaban makaranta da malamansa, iyaye maza da iyaye mata, 'yan makaranta masu kekuna, jama'ar Zakka baki ɗaya, ina gaishe ku, ina taya ku murnar wannan biki na yaranku da suka koyi hawan keke.

Na gode da kuka aika har Batsari kuka gayyato tsoho, kuka ba ni kujera a inuwa. Da kun san abin da zai taso mini, da kun ajiye ni inda ba na hango fili. Tun da yaran nan suka fara zagaye nake murmushi, amma murmushin na baki ne, ciki kam kishi ne fal. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ku kawo buhuna, yau na zo muku da taki.

Abu na farko da ya tsone mini ido shi ne birki. Mu a zamaninmu, yayanka zai ɗora ka a keke, ya tunkuɗa ka gangare, ya ce, "Allah ya kiyaye." Birkinmu diddige ne, in diddige ya ƙi, akwai danga. Yau ga Malam Mannir, wanda ya koyar da yaran nan, ya hana kowa hawa sai ya matsa birki, ya latsa taya, ya kaɗa ƙararrawa.

Na biyu, hanya. Na ga an zana mararraba da toka, yaro ya tsaya, ya duba dama da hagu, ya miƙa hannu kafin ya karya kwana, ya sauka in garke ya tare gabansa. Kuma su tafi makaranta a ayari, su dawo a ayari, tun rana na sama, don kun san hanyoyinmu ba kamar da ba.

Na uku shi ne ya hana ni sakat. Ina da jika, Zuwairatu, tana sakandare, gidanmu kuwa can bayan gari yake. Da tafiyar ƙasa ta ishe ta, sai ta ɗauki keken wanta. Ba wanda ya gaya mata a tattare hijabi. Bakin hijabin ya shige sarƙa, ya fizgo ta ƙasa, ta tashi da targaɗe a hannu. Ubanta, ɗana Daudu, ya ce, "Baba, ita da keke an gama. In ƙafa ba za ta kai ta ba, ta zauna gida." Na ce, "Daudu, keke ne ya kada ta, ko rashin mai nuna mata?" Ya ce, "Ni dai 'yata na gani a ƙasa." Ban ga laifinsa ba. Ga hutu zai ƙare, maganar tana nan inda ya ajiye ta.

Ɗazu kuwa ga 'yan matanku, kowace ta tattare hijabi ta ɗaure a ƙugu kafin ta taka feda, suka wuce ba wadda ta girgiza. Ɗauri guda, jama'a. Ɗauri guda ne tsakanin jikata da 'ya'yanku. Mu Batsari, da kasuwarmu da motocinmu, a ce Zakka ce ta riga mu?

Don haka na ajiye girman kai, ina roƙo: ku ba mu aron Malam Mannir. Za mu dawo da shi, in mun ga dama. Kekena da ke rataye a zaure, wanda ko Daudu ban taɓa bari ya hau ba, na sauke shi, na Zuwairatu ne.

Shi kuwa Daudu, ce masa na yi ya rako ni ya riƙe mini sanda. Ga shi can gindin darbejiya, tun ɗazu bai ɗauke ido daga kan yaran ba. Daudu, gani ya kori ji. Ban ce ka amsa a gaban jama'a ba, hanyar gida da tsawo.

Allah ya tsare yaranmu a tafiya da dawowa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya saka wa malamai da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ya ƙara wa Zakka albarka, amma ta jira mu mu iso.

Na gode.