Ƙarfen da Ya Hana Bonet Rufuwa

Ranar Asabar ana yayyafi, Majeed mai tasi yana tsaye a wani gareji a Zogbeli, bonet a hangame, 'yan bikin suna kuma na jiransa a Gurugu. Wani dattijo ya leƙa injin.

"Ɗana, wannan ƙarfen fa?"

"Kawunan shokazoba na gaba ya haɗa, Baba, don mota ta daina tangaɗi a kwana."

"Ta daina?"

"Ina zan sani? Bonet ya ƙi rufuwa, ba na ganin hanya."

"A kwance ƙarfen mana."

"Makaniken bai samu noti ba, walda ya yi."

"To, da can tana tangaɗin?"

Majeed ya sosa ƙeya. "Wallahi ban taɓa lura ba."

Ranar ya rasa jigilar 'yan suna, ya rasa bonet, don sai da aka yanke bonet ɗin saboda ƙarfen.