Takardar da Lauratu Ta Ƙi Sa wa Hannu

Lauratu: Salamu alaikum, Iya. Lauratu ce, daga Guangzhou.

Iya: Wa alaikumus salam, jikalle. Ina kwana? Ko wuni ne a wurinku?

Lauratu: La'asar ta wuce. Ya ƙafar?

Iya: Tana nan inda kika barta. Ya mijinki Shitu? Ya nauyin jiki?

Lauratu: Yana kasuwar takalma. Iya... likita ya duba hoto, ya ce ɗan a gicciye yake. Aiki yake so a yi mini jibi.

Iya: Layin ya yanke. Yaushe?

Lauratu: Jibi. Matan garin nan kowa so take ta haihu ran takwas ga watan takwas, ranar buɗe gasar wasannin duniya da za a yi a ƙasar nan, wai ranar sa'a ce. Gadajen asibiti sun kusa ƙarewa. Ni kuwa na ƙi sa hannu a takardar aikin.

Iya: Dalili?

Lauratu: Akwai Fotini, 'yar ƙasar Girka, mai sayen takalma wurin Shitu. Ta ce a haihuwarta ta fari likitanta ya sa mata rana, ya yi mata aiki, bai ko tambaye ta ba. A ta biyu ungozoma ta samu, ta wuni da ita tana murza mata baya, ta haihu da kanta. Har yau tana kai mata ziyara.

Iya: Allah sarki. Kamar Gwaggo Zeinabou tamu. Hannunta kullum ƙamshin man shanu. Tana shigowa ɗaki sai ta kori kowa, ta ce, durƙusa 'yar nan, ni ce bangonki. Uwarki a tafinta ta faɗo. Kunun kanwarta kuwa, ban ƙara shan irinsa ba.

Lauratu: To kin gani, Iya. Irin wannan nake so.

Iya: Tsaya, ban gama ba. 'Ya'yan Baturiyar taki, a gicciye suka zo?

Lauratu: A'a, ta ce daidai suke.

Iya: To nawa na fari a gicciye ya zo. Gwaggo Zeinabou ta shafa cikin sau ɗaya, ta miƙe, ta ce wannan ba aikinta ba ne, a nemo mota a kai ni Maradi. Mota ba ta samu ba sai washegari. Namiji ne. Ko suna ba a raɗa masa ba.

Lauratu: Iya, ba ki taɓa faɗa mini ba.

Iya: Ba ki taɓa ƙin sa hannu ba. Ki ce su haɗa ki da ungozoma ta riƙe miki hannu. Ki ja Baturiyar ta raka ki, tunda ta san abin tambaya. Amma takardar, yau.

Lauratu: Tsoro nake ji.

Iya: Ki je da shi, ba ya hana tafiya. Akwai biro kusa da ke?

Lauratu: Akwai. Katin wayar ya kusa...

Iya: Bar katin. Ɗauki biron, ina ji.