Kajin Darlene da Kular Orville

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kwana-kwana, Wendell Messick. Fasto Hearn, wanda ya buɗe mana taro da gajeriyar addu'a, abin da ba mu saba gani ba. Iyayenmu mata na kwamitin girki. 'Yan'uwa masu kiwon kaji, da waɗanda cin su kawai suka iya, barkanmu da war haka.

Ina godiya da aka ɗora mini karanta rahoton kwamitin ɗanɗano, ko da yake na san don kowa ya ƙi ne.

Na farko, abin da ya tara mu. Darlene Hitchens ce ke kawo mana kajin gashin bazara tun mijinta yana da rai. Bana waken suya ya yi tsada, sai ta rage shi a abincin kajinta, ta cike da garin tsutsar ƙuda. Kafin kajin su yi gashi, labari ya gama gari. Yau za ku yanke: mu ci gaba da saye a wurinta, ko mu daina. Kun sani, na sani, inda muka sayi kaza, nan duk garin ke saye. In muka bar ta, gonar nan rufewa za ta yi.

Na biyu, gwajin. Mun haɗa kajinta da kaji masu cin wake, muka ɗaura wa nata jan zare a ƙafa, muka miƙa wa Orville Tull, wanda ke riƙe da wutar gashinmu tun kafin a haifi wasunku. Ya gasa, ya shafe su da haɗin nan nasa na ruwan kal mai tsami da ƙwai da barkono. Sannan ya yi abin da yake yi kowace shekara: ya jera su duka a kula guda, ya rufe don su yi laushi.

Na ce, "Orville, ina zaren?"

Ya ce, "Yo ni zan ba mutane kaza da zare? Na tsinke, na jefa wuta."

Na ce, "To wacce ce wacce?"

Ya ce, "Kai dai malamin makaranta da tambaya! Kaza ce. Miƙo faranti."

Na uku, sakamako. Alƙalanmu ba su san an gauraya ba, mu kuma ba mu ga dalilin ɓata musu rai ba. Shugaba Wendell ya ciji cinya guda, ya ce, "Ga tsutsar nan, har a maƙogwaro nake jin ta." Ya ciji ta biyu, ya lumshe ido, ya ce, "Yawwa! Wannan ita ce kazar da gyatumata ta sani." Ni na yanka masa da hannuna, jama'a. Kaza ɗaya ce, hagu da dama.

Ban ce naman Darlene ya fi ba, domin hujjar tana cikin tokar Orville. Na dai ga farantai sun koma babu ko tsoka. Ita kuwa kazar da mahaifiyar Shugaba ta sani, Allah ya jiƙan tsohuwa, a bayan garken shanu take kiwo, kuma ba wake take tonowa a can ba.

Don haka ina roƙonku, kada mu rufe wa maƙwabciyarmu gona saboda abin da bakinmu ya kasa ji.

Allah ya kare kajinmu daga annoba, ya tsare garinmu daga gobara, ya ƙara wa Shugaba lafiyar maƙogwaro. Masu goyon bayan Darlene, a goge maiƙo, a ɗaga hannu.

Na ga na Shugaba ma ya tashi. Na gode.