Furen da na tarar a cikin guga

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Wata biyar ke nan Fasto yana ce mini in rubuta wannan shaida, ina ɗagawa. Karatuna a aji shida na lakwal, wato firamare, ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai cuci wani. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. Yanzu lokaci ya ƙure mini.

Ina noma a wani kwari kudu da Gure. Da mahaifinmu ya rasu aka raba mana dabino, ni na samu itatuwa mata bakwai, yayana Kiyari ya samu mata biyar da namiji guda. Wanda bai san dabino ba ya sani, idan furen mace ya tsage sai an hau an ɗaura mata furen namiji cikin ƴan kwanaki. In ba haka ba ƴaƴan ba sa yin ƙwallo, zubewa suke yi. A wajenmu ba a sayar da furen namiji. Sallama ake yi a roƙa, a ba ka.

Shekarar da na karɓi Yesu, ni da matata Hannatu, aka daina cin tuwonmu, aka daina kiranmu suna da biki. Na daure. Amma da sanyi ya shigo furen dabinona ya fara tsagewa, na je wajen Yaya Kiyari yana zaune cikin mutane.

Na ce, "Yaya, na zo roƙon fure."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wanda ka koma wajensa ba ya da namijin dabino ne?"

Aka yi dariya. Na je wajen mutum biyu da suke da namiji a kwarin, kowa ya ce nasa bai nuna ba, alhali ina ganin garin furen a rigarsu.

Dabinon nan shi ne hatsinmu na shekara, da shi muke musayar gero. Kwana biyu ina zagaya itatuwan ina ƙirga furen da ya buɗe. Abinci ya ƙi shiga. Har na fara tunanin in je in ce na tuba na dawo, da baki kawai, zuciyata tana wajen Yesu. Na yi wannan tunani, ba zan ɓoye muku ba.

Rana ta uku da azahar, kowa ya tafi salla, na ɗauki wuƙa na tsallaka shingen Yaya. Na kafa ƙafa a jikin namijin. Na ce wa kaina ai ubanmu ne ya dasa shi. Sai na kasa hawa. Na durƙusa a gindin na ce, "Ya Yesu, in na sata za su ce abin da ka koya mini ke nan. In ban sata ba yarana za su kwana da yunwa. Ban san yadda zan yi ba, ka riƙe ni." Na mai da wuƙar kube na fito hannu wofi, ina kuka.

Washegari da safe na je ban ruwa, na tarar da damin furen namiji a cikin gugana, an rufe da tsumma.

Maimakon in yi murna sai tsoro ya kama ni. Ko furen sata ne? Ko tarko aka ɗana mini? Na kai gida na ajiye ina kallo har rana ta take.

Hannatu ta ce, "Malam, jiya ka roƙa, yau an ba ka, kana jira a haɗo maka da takarda ne? Dubi ɗaurin mana."

Na duba. Ɗaurin bahago ne, kuma bahago ɗaya ne a gidanmu, Yaya Kiyari. Na hau na ɗaura wa duka bakwai. Suka kama! Yabo ga Ubangiji!

Amma da ƴaƴan suka fito, magana ta tashi cewa na yi sata. Aka kira ni gaban dattawa. Na ƙi faɗin inda furen ya fito, don in na faɗi gaskiya na tona yayana. Sai shi ya miƙe ya ce, "Namijina ne. Na ce muku an sace mini? Ɗan uwata ne, ba zan ci in bar shi ba."

Daga ranar abin da ake yi mini aka fara yi masa. Shi musulmi ne, bai fasa sallarsa ba, amma aka daina jiransa a sahu. Bayan an girbe dabino ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya yi arewa, bai sallami kowa ba. Ban taɓa ce masa na gode ba, ina tsoron kada a gan mu tare in ƙara masa. Wannan yana cina kullum.

Ina gode wa Yesu da ya riƙe hannuna ranar nan, ya ciyar da mu ta hanyar da ban zata ba. Duk wanda yake cikin matsi, kada ya saki, ko da ƙafarsa tana jikin itacen.

Ga roƙona. Ƴan'uwa na Agadas da Dirku da masu bin hanyar, ko wani ya ga Kiyari? Dogo ne, bahago, da tabon ƙayar dabino a haɓarsa. In kun gan shi kada ku dame shi da wa'azi, ku sanar da Fastonmu na Gure. Ku gaya masa ni nake ba namijinsa ruwa. Furensa ya fara tsagewa shekaranjiya, nawa ma sun kusa. Ban taɓa ko ɗaya ba, ina jiran izninsa.